Akuyar Ɗakin Baya

Ranar da Bara'atu ta fara ganin Mahadi, hannun kakarta yake matsewa.

A gindin darbejiyar ɗakin shan magani na Furfuri ne, bayan an yanka mana Zamfara daga Sakkwato ba da daɗewa ba. Wasu likitoci suka zo daga birni cikin farar mota, wai bincike suke yi: me ya sa hawan jini da ciwon suga suke bin wani gida daga kaka har jika, su tsallake maƙwabcinsa? Su ɗaura maka wani ƙyalle a damtse su hura, su zagaya cikinka da tef irin na tela, su tambaye ka abin da ya kashe kakanka, sannan su zuƙi jini kaɗan cikin 'yar kwalba. Mai gari ya ce kowane gida ya turo mutum. Gari kuwa ya ce Turawa za a sayar wa jinin. Wasu suka ce a'a, haihuwa ake ɗaurewa.

A gidan Malam Arzika mai gishiri, mahaifiyarsa Iya ce ta ce ita za ta je. Ta ce haihuwa dai ta gama, jininta kuma ya tsufa, duk Baturen da ya saya shi ya yi asara. Jikarta Bara'atu ta yafa gyale ta raka ta.

Shi Mahadi ba likita ba ne. Ma'aikacin lafiya ne, ɗan 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, siriri mai sanyin murya. Shi aka sa yana awo da tambaya don ya san bakin mutane.

"Sannu Iya, kawo hannun."

"Wa yag gaya maka sunana?"

"Ai kowace tsohuwa Iya ce."

"To ba kowace tsohuwa ce sakarai ba. Matsa a hankali."

Ya ɗaura ƙyallen, ya fara hurawa da 'yar robar da ke hannunsa.

"Maigidanki yana raye?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Me ya yi ajalinsa?"

"Kwana yaƙ ƙare."

"Bai yi jinya ba? A gidanku akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka kawai, ko ɓarin jikinsa ya shanye?"

Iya ta dube shi sama da ƙasa. "Mu gidanmu tsufa ke kashe mu. Sai mun gaji don kanmu."

Nan Bara'atu ta sunkuyar da kai. Sunkuyarwar ce ta sa Mahadi ya ɗago ido, ya ga yarinya baƙa mai tsagin Zamfarawa siriri a kumatu, tana murza bakin gyale kamar shi ya yi mata laifi. Ita ma ta ɗago. To daga nan ido ya tafi wani wuri, hannu kuwa bai daina hurawa ba.

"Kai yaro! Cire hannun za ka yi ka tahi da shi?"

Sista Esta, nas ɗin da ke ɗibar jini, 'yar Tudun Wadan Gusau, ta yi dariya har sai da ta ajiye sirinji. Mahadi ya saki iskar yana ba da haƙuri. Ya ce jinin Iya ya hau sosai, ta rage gishiri da kanwa.

"Ɗana gishiri da kanwa yake saidawa a kasuwar Bungudu, kai ka ce in rage. Wa ya aiko ka?"

Jini kuwa ko ɗigo ba ta ba su ba. Ta ja jikarta suka tafi. A hanya Bara'atu ta waiwaya, Iya ta ce ƙafa ake kallo in ana tafiya.

Yanzu ku ji abin da ya sa Iya ta yi ƙarya, don ba sha'awa ce kaɗai ba, ko da yake ba ta ƙi ba. Mijinta a gona ya faɗi, bai ƙara magana ba. Uban mijinta ma haka. Babban ɗanta Dogo, wan Malam Arzika, yana ɗakin baya da ke jikin zaure, ɓari guda a mace, baki a karkace. Mutanen waje an ce musu ya tafi ci-rani kudu. Dalili kuwa, a ƙasarmu kafin a ɗaura aure sai dangin miji sun turo tsohuwa a ɓoye da tallan wani abu a kai, ta shiga gida ta nemi ruwan sha, ta dudduba ko akwai ciwon da ke bin zuri'a. Haka wata mai daddawa ta shigo ta leƙa ɗakin Dogo, auren Nana Aisha yayar Bara'atu ya mutu ana saura kwanaki. Tun daga ranar Iya ta kafa doka: ciwon gida ba ya fita zaure.

Ba a yi mako ba sai ga babur a ƙofar gida bayan la'asar. Mahadi ne, wai ya kawo wa Iya ƙwayoyin hawan jini. Iya ta karɓa ta ƙulle a leda ta rataye a bango, inda za ta riƙa sa musu ido. Ya sake dawowa wai ya ga ko tana sha. A zuwa na gaba bai ma tambayi Iya ba.

Shi da Bara'atu suna zaure, Iya tana bayan asabari tana ɓarar gyaɗa wadda ba ta ƙarewa.

"Malam Matsi, yau hannun wa ka zo cirewa?"

"Haba 'Yar Iya. Ni da aka cire wa nawa hankalin."

"A Furfuri aka cire? Ka kai ƙara gun mai gari."

"Na san ɓarauniyar, ina tsoron kakarta ne."

Daga bayan asabari aka yi gyaran murya. Bara'atu ta toshe baki da gyale.

A lokacin babu wayar hannu, sai katin gaisuwa da ake aika wa gidan rediyo a karanta. Wata Juma'a Bara'atu tana tankaɗe, rediyon babanta yana kan turmi, sai ta ji mai gabatarwa ya ce:

"Sai katin Mahadi Abdullahi 'Yankuzo. Ya ce a gaishe masa da 'Yar Iya ta Furfuri. Ya ce tun ranar gindin darbejiya awon zuciyarsa bai koma daidai ba, maganin kuma ba a samunsa a kemis. Ya ce a gaida Iya, ta yafe masa hannunta."

Iya ta ce, "Kun ji, har a rediyo yana tallan hannuna."

Bara'atu ta yi firamare, ta iya rubutu. Ranar kasuwar Bungudu ta sayi nata katin a ɓoye. Aka karanta:

"'Yar Iya tana gaida Malam Matsi. Ta ce mai awon mutane ya fara auna tasa zuciyar, a ga ko gaskiya ce a ciki. In gaskiya ce, ruwan randar zaure yana nan da sanyi."

Wanda wannan kati ya fi ƙona wa rai shi ne Mas'udu, ɗan gwaggonta, mai kemis a bakin tashar Bungudu. Ya daɗe yana sonta, kuma jarinsa guda ne: ya san da Dogo, ya ce shi a haka zai aura. Ya tare ta a tsakar gida gaban babanta.

"Bara'atu, ke kaɗai ce budurwa a Furfuri? Ki yi tunani mana. Gidajen da sunka ba da jini, kin ga ya sake taka su? Gidanku kaɗai ya hana, gidanku kaɗai yake zarya. Irin gidanku suke nema, inda ciwo ke bin layi. Mutumen ga ba mata yake nema ba, kwalba yake son cikawa."

Maganar ta zauna, don ko maƙiyi in ya jera magana daidai sai ta shiga kunne. Malam Arzika ya ajiye buta.

"Ni dama wanda ya fara da tambayar mi ya kashe ubana, ban ga ta inda zai zama surukina ba."

"Baba, tun ranar bai ƙara tambaya ba."

"To mu zuba ido. Ranar da ya ce maki jini, ko da wasa, magana ta mutu."

Bara'atu ta ce, "In ya ce jini, ni da kaina zan kore shi."

Daga nan hira ta zama gadi. Mahadi yana magana tana auna ta. In ya ce ya jikin Baba, ta ce a ranta ga shi nan ya fara. In ya kawo lemo, ta duba ko da allura a ciki. Son kuma bai ragu ba, abin haushin ke nan.

Wata la'asar suna zaune sai aka yi nishi mai tsawo ta bayan bango. Mahadi ya juya.

"Mene ne wannan?"

"Akuya ce," in ji Bara'atu da sauri. "Ba ta da lafiya."

Bayan asabari gyaɗa ta daina ƙara. Mahadi ya ci gaba da ba ta labarin yadda ya tura babur daga Kwatarkwashi saboda wahalar mai. Sai da ya tashi tafiya, ya sa takalmi, ya ce a hankali yana kallon ƙasa:

"Akuyar nan taku, a riƙa juya ta, kar ta daɗe a ɓari ɗaya, bayanta zai yi gyambo. A fito da ita ta sha hantsi. A riƙa miƙe mata hannun da ƙafar. Kuma don Allah a daina sa mata kanwa a kunu."

Ya hau babur ya tafi.

Bara'atu ta tsaya riƙe da ƙyauren zaure, ta rasa kukan daɗi za ta yi ko na tsoro. Ya sani. Suka zauna jiran farar mota ta zo ta tsaya a ƙofar gida a yi musu tonon silili. Mota ba ta zo ba. Magana ba ta fita gari ba. Bara'atu ta shiga juya Baffa Dogo safe da yamma, gyambon bayansa ya fara bushewa.

"Iya, kin ga bai faɗa wa kowa ba."

"Jira yake mu saki jiki."

Aka yi girbi, aka kai gero rumbu. Mahadi ya zo da sabuwar hula amma fuska ba walwala. Ya sha ruwa, ya juya kofin, ya sake juyawa.

"'Yar Iya, ina so in turo magabatana."

Ta rufe fuska. Zuciyarta kamar ta fito ta yi guɗa da kanta.

"Amma akwai abu ɗaya tukuna. Ina so mu je Gusau wurin Sista Esta, a ɗebi jininki kaɗan."

Gyalen ya sauka daga fuskarta a hankali.

"Me ka ce?"

"Kaɗan ne, ko cokali bai kai ba."

"Na bincikenku?"

"Wallahi ba shi ba ne. Wannan daban."

"To na mene ne?"

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Akwai wadda na yi wa alkawarin ba zan faɗa a waje ba. Ki yarda da ni, Bara'atu."

"In yarda da kai in ba ka jinina, kai ba ka yarda da ni ka ba ni magana ba?" Ta miƙe tsaye. "Duk lemon nan, duk katin nan, ashe kwalba ake lallashi. Ka gaida Sista. Ka ce mata gidan Arzika ya gagara."

Ta shige ciki. Iya ta fito da tsintsiya ta share inda ya zauna tun bai gama tayar da babur ba.

Mas'udu ya zo washegari da sabulu da turare, yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Bara'atu kuwa ta daina cin abinci sosai. Juma'a rediyo ya ce:

"Mahadi 'Yankuzo yana gaida 'Yar Iya. Ya ce ya auna zuciyar kamar yadda ta ce, gaskiya ce a ciki, bakin ne aka ɗaure. Ya ce ko ba ta amsa ba, a ci gaba da fito da akuya hantsi."

Bara'atu ta kashe rediyon ta shiga ɗaki. Iya ta saurari kukan har ta gaji.

"Ke, ya isa. Gobe zan tahi 'Yankuzo. Yadda anka yi muna, haka zan yi masu. Ba gidan da ba shi da abin ɓoyo. In nemo maki aibinsa ki riƙe, ki huta da wannan jiniya."

Da sassafe ta ɗora faifan kanwa a kai, ta shiga motar Gusau, daga can ta hau ta Tsafe. Ba ta dawo ba sai da rana ta yi ja, faifan a cike kamar yadda ta tafi da shi. Ta zauna bakin turmi, ta ce a ba ta ruwa, ta ce a kira Arzika.

"Na shiga gidan na ce kanwa, na nemi ruwan sha. Uwar tasa, Amina sunanta, ta dube ni ta dubi faifan, na san ta gane ni, ta san na san ta gane. Munka zauna. Na ce gida ya yi albarka, ɗiya nawa? Ta ce Allah ya ba da, Allah ya karɓi wasu. Na ce mi ya same su? Ta ce kwana ya ƙare. Na ce a raina, yau na gamu da ƙanwata."

"Sai me, Iya?"

"Sai na ji kuka a ɗaki. Ba irin kukan da kike muna ba, kuka na ƙashi. Na leƙa. Yarinya ce ƙanwarsa, ta isa aure amma jiki kamar na 'yar goye, ido ɗorawa, an lulluɓe ta da bargo cikin wannan zafi tana cewa Inna ƙafata, Inna bayana. Uwar ta tare ƙofa ta ce zazzaɓi ne. Na ce mata, baiwar Allah, mu ma muna da akuya irin wagga a ɗakin baya."

Malam Arzika ya zabura. "Iya! Kin faɗa?"

"Na faɗa. Dokata ce, ni ka karya ta. Sai matar ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Sikila ce. Uku ta binne da hannunta, wannan ce ta huɗu take jinya. Ta ce ciwon iri ne: wanda ya ɗauko daga uwa da uba duka, shi ke kwanciya. Wanda ya ɗauko ta ɓangare guda lahiyarsa lau, amma irin yana jikinsa. Yaron ga ya gwada kansa, yana ɗauke da shi. In ya auri mai ɗauke da shi, sai su haifi irin ta cikin bargo. Shi ya sa ya shiga aikin ga tun farko, ya kuma yi rantsuwa ba ya aure sai an gwada. Uwar ce ta sa shi ya dafa mata kai ba zai faɗa a waje ba, don akwai wata ƙanwar mai lahiya da ake nema da aure."

Bara'atu hawaye na zuba ba ta share ba.

Iya ta ce, "Na je neman ɓarawo, na tarar da maƙaryata irinmu. Mu muna ɓoyon namu, su suna ɓoyon nasu, yaran suna tsakiya suna ramewa."

Malam Arzika ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi dai ba ya ba da 'ya a kan labarin tallan kanwa. Yaron ya zo zaure ya faɗi ciwon gidansu da bakinsa, shi ma zai faɗi nasa.

Haka aka yi. Amina ta warware wa ɗanta alkawari, Mahadi ya zo da kawunsa. Ya durƙusa ya kira sunayen ƙannensa da suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Sai Malam Arzika ya tashi ya shiga ɗakin baya ya ɗauko wansa a kafaɗa, ya kwantar da shi kan tabarma a gaban baƙi.

"Ga ci-ranin da Dogo ya tahi."

Mahadi ya matsa ya kama hannun Dogo mai rai ya gaishe shi. Ya juya ga Malam Arzika ya ce, "Baba, wannan ciwon naku rabi a jini ake gadonsa, rabi a tukunya. Na jinin ba yadda za a yi, na tukunyar yana hannunmu. Ga kuma magani. Ba dole ne kai ma ka kwanta kamarsa ba."

Malam Arzika ya dube shi ya dubi wansa, ya naɗe hannun riga ya miƙa damtse. Awon ya fi na Iya hawa.

Saura babba, gwajin jinin amarya. Kafin a tafi Gusau, Bara'atu ta same shi a zaure.

"Malam Matsi, in aka tarar ni ma ina ɗauke da irin fa?"

Ya dube ta ya ce, "In na ce miki ba komai, na yi ƙarya. Na riƙe ƙannena suna kuka har suka daina. Ba zan sa ki zauna inda Innata ta zauna ba."

"Ke nan ka bar ni."

"Ke nan in rasa ki ina sonki. Ya fi in same ki ki tsine wa ranar darbejiya."

Ta share ido. "Da ka ce ba komai, da na fasa zuwa."

Iya ta ce ƙafarta ƙafar jikarta. A asibiti ta tsaya kan Sista Esta tana kallon allura ta shiga, ta bi kwalbar da ido har ƙofar ɗakin gwaji, da an bar ta da ta shiga.

"Ɗiyata, in kun gama ku maido ragowar."

"Iya, me za ki yi da shi?"

"Namu ne."

Aka ce su dawo bayan kwanaki. Kwanakin nan Mas'udu ya yi ta sintiri yana cewa ai ko makaho ya san yadda za ta ƙare, har ya fara tambayar kuɗin katako na gado. Bara'atu ta yi ta juya Baffa Dogo tana addu'a. Ko rediyo ba ta kunna ba.

Ranar da suka koma, Sista Esta ta shigar da Bara'atu ita da Iya, ta bar Mahadi a benci yana murza hula. Ta rufe ƙofa, ta kama hannun yarinyar biyu.

"Ƙanwata, babu irin a jikinki ko kaɗan. 'Ya'yanku ba wanda zai kwanta da sikila, da yardar Allah. Ki je ki ɗauki mutumin can kafin ya cinye hularsa."

Bara'atu ta fito. Sai ta ɗaga gyale ta rufe rabin fuska, idon yana dariya yana hawaye. Mahadi ya zame daga benci ya kai goshi ƙasa a kan simintin asibiti.

Iya ta leƙo ta ce, "Sista, ragowar fa?"

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Arzika. Baffa Dogo yana zaure cikin farar riga, an jingina shi da matashi, duk wanda ya shigo sai ya ce ashe ka dawo daga kudu, shi kuwa ya yi dariya da rabin bakinsa. Ba wanda ya tashi ya gudu. Har wani daga cikin dangin ango ya tambayi ko Nana Aisha tana da miji. Mas'udu ya zo, ya ci shinkafa kwano biyu, ya ce wa na kusa da shi dama shi bai taɓa zargin yaron ba.

Abincin dai an yi gunaguni. Baƙi suka ce ba su taɓa ganin bikin gidan mai gishiri miya lami ba. Amina da Iya suna zaune tabarma ɗaya kamar tare aka yaye su. Amina ce ta ga Iya ta kwance bakin zane tana barbaɗa wani farin abu a kwanonta.

"Iya, mi ne ne wannan?"

"Maganin baki ne."

Da yamma kafin a kai amarya, ango ya shigo gaida iyaye. Malam Arzika ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zuri'a mai lafiya, wadda ba za a ɓoye kowa a ɗakin baya ba. Aka shafa. Bara'atu tana lulluɓe a gefe, ta ce ƙasa-ƙasa:

"Malam Matsi, ka cika kwalbarka?"

"Na samu randar gaba ɗaya, 'Yar Iya."

Iya ta yi gyaran murya irin ta bayan asabari. Ta sa aka sauko mata da ledar ƙwayoyin nan daga bango, ta haɗiye ɗaya a gabansa tana harararsa. Sannan ta ture mayafi ta miƙa masa ƙanjamammen damtsenta.

"Ɗauko ƙyallen naka ka matsa. Ka gaya wa Sista ta zo ta ɗebi na tsohuwa, ko jikokina sa amfana. Allah shi yi maku albarka, shi kau da idon maƙiya." Ta ɗaga yatsa. "Amma wannan karon hannun za ka kalla. Matar ai an ba ka."